Kafin Ka Biya, Juya Ta Ka Ga Bayanta

A 'yan shekarun nan wata irin kwamfuta ta yawaita a ofisoshi da shagunan buga takardu na Garwa, a arewacin Kamaru. In ka shigo sai ka ɗauka allo ne kawai aka ɗora a kan tebur. Babu akwatin nan da aka saba turawa ƙarƙashin ƙafa, babu tulin wayoyi. Ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da fanka da lasifika duk an cusa su a bayan gilashin. Masu sayarwa na kiranta tout-en-un, wato dunƙulalliyar kwamfuta. Da yawa daga cikinsu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayi da su: HP, Dell, Lenovo, jefi-jefi da iMac. Sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngawundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, sannan su bi kwalta kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Wasu kuma ta Najeriya suke ɓullowa, ta Yola ko Mubi.

Farin jininta yana da dalili. Ba ta cin wuri a ɗan shagon da kujera uku ma da ƙyar yake ɗauka, wayar wuta guda take nema, ga kyan gani da ke ƙara wa ofis kwarjini. Sai dai yawancin masu saye a gabanta suke tsayawa. A duba faɗin allo, a shafa gilashi ko da tsaga, a tambayi girman ma'ajiya, a yi ciniki, a naɗe ta a bargo a ɗora a babur. Kaɗan ne ke juya ta su duba jerin kafofin da ke bayanta, alhali a can amsar babbar tambaya take: wannan na'ura za ta iya tura hoto zuwa wani allon dabam? A ganina, ga mutumin Garwa wannan tambaya ta fi ta ma'ajiya nauyi. Ma'ajiya ana sauya ta ko a ƙara mata girma. Kafar da ba a ƙera na'ura da ita ba kuwa, ba a dasa mata daga baya.

Haɗe kwamfuta da allonta ba yau aka fara ba. Macintosh ta farko da kamfanin Apple ya fitar a 1984 a dunƙule take, haka ma iMac ta 1998. Da allo mai lebur ya kori mai ƙatuwar ƙeya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Amma waɗanda suka zana waɗannan na'urori ofis mai na'urar sanyaya ɗaki suka hango, da kamfanin da zai aiko da mai gyara in wani abu ya lalace. Apple ya ƙayyade cewa iMac tana aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas, kuma 35 ɗin nan ita ce iyakar da yawancin masu ƙera kwamfutocin ofis ke rubutawa. Garwa kuwa a watannin Maris da Afrilu ta saba haura 40. Kafin bazara ta kama, hunturu ya riga ya zuba ƙurarsa a 'yan kafofin shan iska. A dunƙulalliya allo yana manne ne da kayan da ke fitar da zafi, kullum suna gasa shi ta baya. Fitilun da ke haskaka shi na iya mutuwa, siririyar wayar da ke kai masa hoto na iya saki, gilashin na iya tsagewa a gargadar hanya ko a faɗuwa ɗaya daga tebur. Duk wannan na faruwa ƙwaƙwalwar tana nan lafiya lau, da duk takardun da ke cikinta.

Mai kwamfutar akwati, in allonsa ya mutu, kasuwa zai shiga ya ɗauko kowane iri ya jona, aiki ya ci gaba kafin la'asar. Mai dunƙulalliya sai ya samo gilashin da lambarsa ta dace da nasa daidai. Sai an aika Duwala ko Yawunde, ko an tsallaka Kano ko Legas, a jira, kuɗin kuma yakan yi kusa da na sayen wata. Abin da ke raba shi da wannan wahala ita ce 'yar kafa guda a bayan na'urar.

Ba sai allo ya mutu na biyu ke da amfani ba. Ɗauki mai shagon buga takardu a unguwar Yelwa ko Fulbere. Mutum ya zo da buƙatarsa, yana bayani da Hausa ko Fillanci, ana rubutawa da Faransanci. Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne sunaye. Suna ɗaya ana rubuta shi Aboubakar, Aboubakary ko Boubakary. Wani Mohamadou, wani Mouhamadou, wani Mamoudou. Harafi guda da ya saɓa wa abin da ke kan takardar haihuwa ya isa ya sa a dawo wa mutum da takardunsa na jarrabawa ko na katin ɗan ƙasa. In akwai allo na biyu da aka juya yana fuskantar mai takarda, zai riƙe takardar haihuwarsa a hannu yana bin sunansa harafi-harafi kafin a buga, ba sai ya zagayo ya tsaya a kan mai aiki ba. Haka mai lissafin ƙungiyar manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin Sodecoton: jerin sunaye da awo a allo ɗaya, jerin bashin taki a ɗayan, ido na kai da komowa ba tare da rufe wannan a buɗe wancan ba. Malamin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da zai haska darasi a bango, shi ma ta wannan kafa hotonsa zai fita zuwa majigi.

To, me mutum zai gani in ya juya ta?

Abu na farko da ido zai gane shi ne HDMI, domin ita ce a bayan talabijin da dikoda. An fitar da ƙa'idarta a ƙarshen 2002, tana da haƙora 19, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda. Kuma a kanta aka fi yaudaruwa. A kwamfutar akwati ko ta cinya, kafar HDMI kusan kullum ta fitar da hoto ce. A dunƙulalliya ba haka ba ne. Da yake ita kanta allo ce, kamfanoni da dama sun sa wa waɗanda suka ƙera don gidaje kafar HDMI ta shiga, domin mai gida ya jona dikoda ko na'urar wasan yara ya yi kallo a kanta. Siffarsu ɗaya, waya ɗaya ke shiga dukansu, aikinsu kuwa kishiyar juna ne. Mutum zai sayo allo, ya sayo waya, ya jona, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya mayar da wayar a ba shi wata, ya zargi allon, ya kai wa mai gyara a sauya Windows, duk a banza, domin kafar karɓa take yi, ba ta bayarwa, kuma babu manhajar da za ta juya ta. A haska tocila a karanta ɗan rubutun da ke gefenta: IN na nufin shiga, OUT na nufin fita. Wani lokaci ɗan zane ne, kibiya tana shiga murabba'i ko tana fita daga cikinsa. Wata alamar ita ce maɓallin sauya mashigar hoto a gefen na'urar ko ƙarƙashinta. In akwai shi, to lallai akwai kafar shiga. Wasu na'urorin suna da biyun, wasu na Lenovo kuma kafa guda ce ke yin aikin biyu.

Waɗanda aka ƙera don ofisoshi, irin su EliteOne da ProOne na HP, OptiPlex na Dell da ThinkCentre na Lenovo, sun fi zuwa da wata kafar da mutane da yawa ba su san ta ba, DisplayPort. Ƙungiyar VESA ce ta fitar da ita a 2006. Ta yi kama da HDMI, amma kusurwa ɗaya kaɗai aka datse mata, kuma kan wayarta yakan zo da 'yar ƙugiya da sai an danna take saki. Wanda ya fizge da ƙarfi zai iya tumɓuko kafar gaba ɗaya. Ganinta a bayan na'ura abin farin ciki ne, don mafi yawan lokuta ta fita ce. In akwai alamar DP da ƙari biyu a gefenta, ɗan adafta mai sauƙi ya isa ya mayar da ita HDMI.

Matsalar da ta fi shafar arewacin Kamaru tana tsakanin zamani biyu ne. Allunan da suka fi arha a kasuwar kayan hannu, da majigin da ke makarantu da yawa, VGA suke karɓa, shuɗiyar kafar nan mai haƙora 15 a layi uku da kusoshi biyu na murɗawa. IBM ce ta fito da ita a 1987. A ƙarshen 2010 kamfanonin Intel da AMD suka ba da sanarwar za su yi ban kwana da ita nan da 2015, shi ya sa da wuya ka same ta a dunƙulalliyar da aka ƙera bayan wannan lokaci. VGA tana aika hoto ne a matsayin wutar da ke hawa da sauka, HDMI da DisplayPort kuwa lambobi suke aikawa. Waya zalla ba ta iya sasanta su. Sai an sa ɗan akwati mai ƙwaƙwalwa a ciki wanda ke juya wannan zuwa wancan, kuma shi hanya ɗaya ya sani, kamar indararo: ruwa sauka yake yi ta cikinsa, ba ya komawa kan soro. Wanda aka yi don ɗaukar hoto daga HDMI zuwa VGA ba zai yi akasin haka ba. Haka wayar da ke da DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI take aiki, in aka juya ta shiru za a ji. Saboda haka in za a saya, a faɗa wa mai shago abu biyu a jere, abin da ke jikin kwamfutar da abin da ke jikin allon. Wayar da ke da HDMI a kai ɗaya da VGA a ɗayan ba tare da wani kumburi ko akwati a jikinta ba, a yi hattara da ita.

Sababbin na'urori suna zuwa da USB-C, 'yar kafar nan irin ta cajin waya da ta fito a 2014. Ba kowace ce ke fitar da hoto ba, sai wadda ke da alamar DP ko ta walƙiya a gefe, kuma ba kowace wayar caji ce ke ɗaukar hoto ba. Masu iMac na 2009 da 2010 za su ga Mini DisplayPort, daga 2011 kuma Thunderbolt mai siffa iri ɗaya da ita, daga 2017 aka koma siffar USB-C. In na'ura ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, akwai adaftan da ke bi ta USB ta yau da kullum da fasahar DisplayLink. Yana wadatar da mai rubutu da mai lissafi, yakan yi tsaiko a bidiyo, kuma ba ya farkawa sai Windows ta gama tashi ta loda manhajarsa. Wannan dabara ce ta ƙara wurin aiki, amma ba abin dogaro ba ce ranar da allon ciki ya mutu.

Duk wannan bayani gwaji ɗaya a shago ya fi shi, gani ya kori ji. Mai sayar da kwamfuta ba ya rasa allo a kusa. A ce masa, "Alhaji, a jona mini ita da wancan allon in ga hoto ya fito, sai mu yi maganar kuɗi." Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Sai maganar wuta, wadda a Garwa ba a raba ta da maganar kowace na'ura. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gina da taimakon ƙasar Sin aka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72. Ruwanta na ja da baya da rani, daidai lokacin da zafi ke sa kowa neman wuta. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka ƙaddamar a 2023, masu megawat 30 a lokacin in an haɗa su, sun rage raɗaɗin, amma ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi ba su zama tarihi ba. Allo na zamani mai inci 22 zuwa 24 yana shan wat 20 zuwa 30 ne, bai kai rabin abin da tsohon mai ƙeya ke sha ba, don haka ƙaramin onduleur, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke ta, zai ɗauke shi tare da kwamfutar. A jona su biyun a kansa. In kwamfutar kaɗai aka jona, wuta na ɗaukewa allo na biyu zai mutu, tagogin da ke kansa su tarwatse a daidai lokacin da ake sauri a adana aiki.

Akwai wani haɗarin da ba a cika magana a kansa ba. Gidaje da shaguna da yawa soket mai rami biyu gare su, babu wayar da ke sauke wuta ƙasa. Kayan da suka shigo ta Najeriya kuma da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa suke zuwa, irin na Ingila, alhali Kamaru mai zagayayyun ƙafafu take amfani da shi, irin na Faransa. Sai a sa ɗan adafta mai arha ko a yanke kan a sauya, ƙafar ƙasa ta tafi ke nan. Na'urar da ba ta da hanyar sauke wuta ƙasa takan tara 'yar wuta a jikin ƙarfenta, ita ce wadda ke ɗan tsikarin hannu in an taɓa bayan talabijin. Ba ta cika cutar da mutum ba, amma in aka cusa wayar HDMI tsakanin na'urori biyu da ke kunne, musamman talabijin da ke haɗe da wayar tauraron ɗan'adam, wannan wuta na iya bi ta siraran haƙoran ta ƙona abin da ke sarrafa kafar. Kafar da aka sayi na'urar dominta ta tafi, kuma gyaranta aikin ƙwararre ne. A kashe duka biyun, a zare su daga soket, a jona wayar hoto, sannan a mayar da wuta. Minti ɗaya ne.

In an jona, saura a gaya wa Windows abin da ake so. Tun Windows 7 ta 2009, danna maɓallin Windows tare da harafin P yana fito da zaɓi huɗu. A kwamfutocin Garwa da Faransanci za a gan su: Écran du PC uniquement, Dupliquer, Étendre, da Deuxième écran uniquement. Na biyu yana nuna abu ɗaya a allunan biyu, shi ne na mai shagon buga takardu da na malami. Na uku yana mai da su fili guda mai faɗi, linzami na ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, shi ne na mai lissafi da mai haɗa bidiyon biki. Na huɗu yana kashe allon ciki ya bar na waje. In aka zaɓi na uku, a shiga saitin allo a ja hoton allunan su zauna yadda suke a kan tebur, in ba haka ba linzami zai riƙa ɓacewa ta dama alhali allon yana hagu.

Hoto na iya fitowa amma ya fito a miƙe ko a dusashe. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su. Dunƙulalliya yawanci 1920 sau 1080 ce, tsofaffin alluna masu inci 17 da 19 kuwa da yawansu 1280 sau 1024 ne, kusan murabba'i. In aka ce su nuna abu ɗaya, dole a sauko zuwa abin da dukansu za su iya, ɗaya ya sami baƙin layi a gefe ko fuskoki su faɗaɗa. Mai ɗaukar hoton fasfo ya kula da wannan, kada ya gyara fuskar da allo ne ya karkatar da ita. Allo yakan sanar da kwamfuta girmansa da kansa ta wasu haƙora biyu na wayar VGA, na 12 da na 15, kuma akwai wayoyi masu arha da ba a haɗa waɗannan haƙora a cikinsu ba. In Windows ta kasa gane allo, wayar ce abin zargi na farko. Talabijin ma tana zama allo na biyu, sai dai takan yanke gefen hoto har sai an shiga saitinta an ce ta nuna shi cikakke, ƙananan haruffa kuma ba sa fita tas a kanta. In sauti ya ɓace bayan an jona HDMI, ba lalacewa ba ce: Windows ta tura shi zuwa sabon allon ne, a danna alamar lasifika a dawo da shi.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce a yi wannan gwaji tun allon ciki yana da rai. Windows tana tuna allon da ta taɓa gani da yadda aka saita shi. Wanda ya taɓa jonawa ya san wayarsa da adaftansa suna aiki, ranar da gilashi ya yi duhu zai jona ne kawai ya ci gaba. In hoto bai fito ba, ya jira na'urar ta gama tashi, ya danna Windows da P, ya sake danna P, ya danna maɓallin Entrée, ya maimaita har hoton ya bayyana. Harafin P wuri ɗaya yake a madannan Faransanci da na Ingilishi, don haka ko da wane iri aka zo hannu zai same shi. Abin da allon waje ba ya iyawa a na'urori da yawa shi ne nuna shafin farko na saitin na'ura, wanda ke fitowa kafin Windows, domin an ɗaure shi da allon ciki. Duk wani gyara da ake son yi a can, kamar ba ta damar tashi daga filashi don sauya Windows wata rana, a yi shi tun yanzu.

Ina tsammanin irin waɗannan na'urori za su ƙaru a kasuwanninmu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 a hukumance, don haka ofisoshin Turai na da dalilin fitar da su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dunƙulalliyar da allonta ya mutu kuma ba ta da kafar fita, a Garwa ma'ajiyarta da 'yan kayan ciki za a cire, saura ya tafi juji da gilashinsa da robarsa. Wadda ke da kafar za ta iya ƙara shekaru tana aiki a jingine da bango. Makaranta ko ƙungiyar da za ta sayi goma ko ashirin a lokaci guda ya kamata ta rubuta wannan sharaɗi a takardar oda, HDMI ta fita ko DisplayPort, ta kuma sa a gwada kowace ɗaya kafin a sa hannu.

Kafar shiga ma ba banza ba ce. In ɓangaren kwamfutar ne ya tsufa ko Windows ta ƙi tashi, gilashin kuma yana da kyau, ana iya jona kwamfutar cinya ko ƙaramin akwati ta HDMI IN, dunƙulalliyar ta koma allo zalla, muddin ɓangaren wutarta yana aiki. Wasu iMac na tsakanin 2009 da 2014 ma suna yin haka ta Mini DisplayPort ko Thunderbolt, amma Apple ya cire wannan dama daga waɗanda suka biyo baya. Saboda haka in aka ajiye maka biyu a kan kanta, farashinsu kusa da juna, ɗaya tana da kafar fita kaɗai, ɗayar tana da ta fita da ta shiga, ɗauki mai biyun ko da allonta bai kai na ɗayar faɗi ba.